An Kwashe Awaki, Tsibiri Ya Farfaɗo: Me Labarin Redonda Bai Gaya Wa Mutumin Jega Ba?

Idan kana bibiyar labaran muhalli a intanet, mai yiwuwa ka taɓa cin karo da hotuna biyu na wani ɗan tsibiri mai suna Redonda. A hoto na farko dutse ne tsirara, toka-toka, kamar inda gobara ta cinye. A na biyu kuwa, wurin nan ne dai bayan 'yan shekaru, ya yi kore shar. Bayanin da ake rakawa da shi gajere ne: an kwashe awaki, an kashe ɓeraye, daji ya dawo da kansa. Mai karatu da ke zaune a Jega ko Aliero ko Maiyama, wanda ya ga yadda daji ke ƙarewa a gaban idonsa, dole ya tambayi kansa: to mu me ya hana mu yin haka?

Labarin gaskiya ne, ba ƙage ba ne. Sai dai yadda ake ba da shi ya sauƙaƙa abin fiye da kima. Akwai darasi ɗaya a cikinsa da ya tona asirin yadda muke dashen itatuwa a arewacin Najeriya, akwai kuma abubuwa uku da ake tsallakewa, waɗanda idan ba a kula da su ba, kwaikwayon labarin zai iya haifar mana da rigima maimakon daji. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya faru a Redonda

Redonda mallakar ƙasar Antigua da Barbuda ce, a tekun Karebiyan. Tsawonsa bai fi kilomita ɗaya da rabi da ɗoriya ba, kuma babu mutum ko ɗaya da ke zaune a cikinsa. Daga wajen 1865 zuwa farkon yaƙin duniya na ɗaya an riƙa haƙar taki na kashin tsuntsayen teku a wurin. Da mahaƙa suka watse, sai tsibirin ya zama na awaki da baƙaƙen ɓeraye, waɗanda duk mutane ne suka kai su. Awaki suka cinye duk wani tsiro da ya leƙo, ɓeraye suka riƙa cin iri da ƙwan tsuntsaye da 'ya'yan ƙadangaru. Da babu saiwar da za ta riƙe ƙasa, sai ruwan sama ya riƙa wanke ta zuwa cikin teku. Abin ya kai su kansu awakin yunwa na kashe su.

A 2016 gwamnatin ƙasar da wata ƙungiyar cikin gida mai suna Environmental Awareness Group da ƙungiyar Fauna & Flora suka haɗa hannu. Aka sa wa ɓeraye kimanin 6,000 guba, aka ɗebe awaki wajen 60 da ransu a jirgi mai saukar ungulu zuwa Antigua. Cikin 'yan shekaru nau'o'in tsirran da aka ƙirga suka tashi daga 17 zuwa 88, tsuntsaye suka dawo, wani baƙin ƙadangare da ba a samunsa ko'ina a duniya sai can ya hayayyafa ninki-ba-ninki. A 2023 aka ayyana tsibirin da tekun da ke kewaye da shi a matsayin wurin da doka ta kare.

Ka lura da abu ɗaya: aikin bai dogara da dashe ba. Abin da ke cin tsiron aka kawar, sai irin da ke kwance a ƙasa da wanda iska da tsuntsaye ke kawowa suka yi sauran aikin.

To ina tsibiri a Jega?

Za ka ce ai mu nan ba mu da teku. Haka ne. Amma a wurin masana ilimin muhalli, tsibiri shi ne duk wani yanki na mazaunin halittu da aka kewaye da abin da ba za su iya rayuwa a cikinsa ba. A 1967 wasu masana biyu 'yan Amurka, Robert MacArthur da Edward Wilson, suka wallafa littafin da ya kafa wannan fanni. Abin da suka nuna shi ne yawan nau'o'in halittu a tsibiri ya dogara da abu biyu: girmansa da kuma nisansa daga inda sabbin halittu za su iya zuwa. Ƙaramin tsibiri yana saurin rasa nau'o'i, domin kowane nau'i 'yan kaɗan ne, fari ɗaya ko gobara ɗaya ta ishe su. Mai nisa kuma, idan ya rasa, da wuya a samu masu maye gurbi. Akwai wani ƙiyasi da masana suka daɗe suna amfani da shi: idan wuri ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma na girmansa, to a hankali zai rasa kusan rabin nau'o'in da ke cikinsa.

Daga 1979 Thomas Lovejoy da abokan aikinsa suka gwada wannan a kan tudu, kusa da birnin Manaus na Barazil. Suka bibiyi guntayen daji masu girman hekta 1 da 10 da 100 waɗanda aka sare abin da ke kewaye da su aka mayar makiyaya. Ƙananan guntayen suka yi ta rasa tsuntsaye, manyan itatuwan da ke gefe suka riƙa mutuwa saboda iska da zafi. Wato gona ko makiyaya na iya yi wa daji abin da teku ke yi wa tsibiri.

Yanzu ka bi babbar hanyar da ta taso daga Aliero ta ratsa Jega ta gangara Maiyama, ka duba da wannan idon. Gonakin gero da dawa su ne tekun, haka fadamun albasa da shinkafa. Tsibiran kuwa su ne tsohuwar maƙabarta wadda ba a sa mata gatari, da ɗan kurmin da ya rage a wasu wurare a bakin Gulbin Zamfara, da kan tudun marmara da garma ba ta iya shiga, da harabar makarantar da ke da katanga. Ka shiga tsohuwar maƙabarta ka dubi ƙasa. Sau da yawa za ka ga 'ya'yan itace ƙanana da matsakaita suna tasowa a ƙarƙashin manya. Ka fito gonar da ke jikinta, za ka tarar da kuka ko ɗorawa ko tsamiya guda, tsohuwa, babu ɗa ko ɗaya a gindinta. Ruwan sama ɗaya suke sha, ƙasarsu ɗaya. Bambancin shi ne a ɗayan an hana baki da gatari da wuta.

Wannan itace guda da ba ta da magaji ita ce abin tsoro. Kuka da ɗorawa jemagu na daga cikin masu yi wa furanninsu barbara, jemagu kuma suna buƙatar manyan itatuwan da za su kwana. Idan tsofaffin suka faɗi babu na baya, ba inuwa kaɗai za a rasa ba, har da miyar kuka da daddawa da ɗan kuɗin da mata ke samu a kansu.

Inda labarin ya yi gaskiya

Duk shekara idan damina ta kankama, ana gangamin dashen itatuwa a jihohin arewa. A zo da dashe cikin leda, babban baƙo ya dasa guda, a zuba ruwa, a ɗauki hoto, a sanar da cewa an dasa dubu kaza. Ka koma wurin a watan Afrilu, lokacin da rani ya kai maƙura, dabbobi na yawo sake, ka ƙirga abin da ya rage. Wannan adadi na biyu shi ne ba a cika sanarwa ba, alhali shi ne ainihin sakamakon aikin.

Kebbi na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma da doka a 2015. Burin shirin a duk faɗin yankin Sahel shi ne gyara hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da kwararowar hamada ta fitar a 2020 ya nuna cewa abin da aka gyara a cikin ainihin zirin ganuwar kimanin hekta miliyan 4 ne. Dalilan suna da yawa, har da kuɗi da rashin tsaro, amma ɗaya daga ciki shi ne wanda Redonda ta bayyana ƙarara: idan abin da ya kashe daji na farko yana nan, shi ne zai kashe na biyu. Ɗan dashe mai wata uku da aka ajiye a fili babu kariya, abincin akuya aka kai mata.

Akwai kuma batun me ake dasawa. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, daga Indiya aka kawo shi. Turare kuma daga Ostareliya. Suna da amfaninsu: suna jure fari, suna ba da inuwa da itacen gini. Amma layin dogon yaro dubu ba daji ba ne. Ba zai maye gurbin kanya da ɗinya da taura da magarya ba wajen ciyar da tsuntsaye da dabbobi da mutane. A aikin gyaran tsibirai nau'o'in asali ake ƙirgawa, mu kuwa mun saba ƙirga leda.

Abu na farko da ake tsallakewa: Redonda ba ta da mutane

Awakin Redonda ba na kowa ba ne. Babu wanda ya yi kuka da aka ɗauke su, kuma teku ya hana wasu shigowa. A Maiyama fa? Jar akuyar nan ta ƙasar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ita ce asusun matar aure a ƙauye. Da ita ake sayen magani, da ita ake haɗa kayan ɗakin 'ya, ita ake sayarwa idan hatsi ya ƙare kafin kaka. Shanun Fulani na buƙatar burtali da mashaya. Mai gawayi da mai itacen girki su ma abinci suke nema, kuma mutanen cikin gari irina da irinka ne ke saye.

Don haka wanda ya karanta labarin Redonda ya ce maganin shi ne a kori dabbobi, a zagaye daji da waya, ya ɗauko rabin darasi ne. A yankin da dama akwai tsamin dangantaka tsakanin manomi da makiyayi, shingen da aka kafa ba da shawarar masu amfani da wurin ba yakan ƙare ne ta ɗayan hanya biyu: ko a yanke wayar da dare, ko a yi faɗa. Ban da haka, dajin ƙasar Hausa ya saba da bakin dabba tun fil'azal. 'Ya'yan gawo da na bagaruwa sukan bi ta cikin dabba su fito da taki a jikinsu, dabbar ta kai su inda iska ba za ta kai ba. Matsalar tana ga yawan kiwon da lokacinsa, musamman shekara biyu zuwa uku na farkon rayuwar itace, kafin kanta ya fi ƙarfin akuya.

Abu na biyu: cire abu ɗaya na iya sakin wani

Ana yaɗa labaran nasara, ba a cika yaɗa na tuntuɓe ba. Tsibirin Macquarie na Ostareliya, can kudu wajen ƙanƙara, misali ne. Mutane sun kai masa zomaye da kyanwowi da ɓeraye. Kyanwowin na kashe tsuntsayen teku, sai aka shiga farautarsu har aka gama da su a shekarar 2000. Cikin 'yan shekaru zomaye suka haura 100,000, suka cinye ciyayin gangaren duwatsu har ƙasa ta riƙa zaftarewa. Wani bincike da Dana Bergstrom da abokan aikinta suka wallafa a 2009 ya ɗora alhakin a kan kawar da kyanwowin, wasu masana kuma suka ce raunin da cutar da aka sa wa zomayen tun 1978 ta yi shi ma ya taimaka. Ko ma wanne ne, sai da aka kashe kusan dalar Ostareliya miliyan 25 wajen kawar da zomaye da ɓeraye gaba ɗaya, aka kammala a 2014.

Me wannan ke nufi a nan gida? Ka killace fili, ka hana kiwo kwata-kwata. Ciyawa za ta yi tsawo, ta bushe a watan Nuwamba, ta zama makamashi. Yaro ɗaya mai farautar gafiya ya kyasta ashana, wutar da za ta tashi ta fi wadda aka saba gani zafi, ta ƙone 'ya'yan itacen da aka sha wahalar karewa. Wanda zai killace fili dole ya tanadi yankan ciyawa, a ba masu dabbobi ita, a kuma share gefen wurin kafin hunturu. Ka ga ke nan an mayar da makiyayi abokin aiki.

Abu na uku: ba ko'ina ne ke farfaɗowa da kansa ba

Kusa da ƙasar Moris akwai ɗan tsibirin da ake kira Round Island. An gama da awakinsa a 1979, zomaye kuma a 1986. Wasu tsirrai sun dawo da kansu, amma manyan itatuwa da dama ba su dawo ba, domin iyayen sun ƙare, ƙasar saman ma ruwa ya tafi da ita. Sai da aka kafa wurin renon dashe a kan tsibirin, aka dasa itatuwan asali da hannu ana shayar da su. A 2007 har manyan kunkurai aka kawo daga wani wuri, don su yi kiwo da yaɗa iri irin na kunkuran tsibirin da suka ƙare tuntuni.

Saboda haka ba cewa muke yi dashe banza ne ba. A kan fako, inda ƙasa ta yi tauri ruwa ke gudu a kai, babu kututture babu iri, dole sai an haƙa ramuka masu tare ruwa, an zuba taki, an dasa. Abin da ake buƙata shi ne a fara duba wurin kafin a yanke maganinsa, kamar yadda mai ɗori a Aliero ke lalubar karaya kafin ya ɗaure.

Misalin da ya fi kusa da mu

Abin mamaki, gwajin da ya fi dacewa da Jega ba a teku yake ba, yana Maraɗi, inda Hausa ɗaya ake yi, gero ɗaya ake shukawa, ruwan saman ma bai kai namu ba. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dashe a can yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan kurarrajin tsiron da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan ita ce ake kira sassabin zamani: maimakon a share toho duka, manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya riƙa gyara su. Da yake saiwar tsohuwa ce mai zurfi, itacen na saurin girma fiye da dashe, ba ya kuma buƙatar ban ruwa. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan, da suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu, sun ƙiyasta cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake samun itatuwa wajen miliyan 200.

Shi ma wannan labari yana da nasa gyaran. An cika jingina shi ga mutum ɗaya, alhali barin gawo a gona tsohuwar al'adar manoman Hausa ce. Sun daɗe da sanin cewa gawo na zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, kuma amfanin gindinsa ya fi kyau. Sannan a lokacin yunwar 1984 an haɗa dabarar da rabon abinci, da rabon ya tsaya manoma da yawa suka sare itatuwan. Abin da ya sa ta kafu daga baya shi ne manomi ya gamsu cewa itacen nasa ne. Tun zamanin Faransa doka ta mayar da itatuwa na hukuma, mutum na iya biyan tara don ya sari reshe a gonarsa, shi ya sa ya gwammace ya kashe tsiro tun yana ƙarami. Da wannan matsin ya sassauta, ƙauyuka suka kafa nasu ƙa'idojin sara da kiwo, sai itatuwa suka tsaya. Aikin da teku ya yi wa Redonda, yarjejeniyar mutane ce ta yi shi a Maraɗi.

Abin da ya rage gare ka

Idan aka sake zuwa garinku da motar dashe, akwai tambayoyin da ya kamata ka yi, cikin ladabi. Me ya kashe itatuwan da ke wurin a da, kuma an magance shi? Wa zai mallaki itacen idan ya girma? An zauna da mai gari da arɗo da matan da ke da awaki? Nau'i nawa ne na asalin yankin? Wa zai dawo ya ƙirga a ƙarshen rani, kuma a ina za a sanar da adadin?

Ga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero kuwa, ga aikin bincike a ƙofar gida wanda ba ya cin kuɗi sosai. A auna filaye uku masu girma ɗaya, a ce mita 20 sau 20, a jere. Na farko a bar shi yadda yake. Na biyu a yi masa shingen ƙaya kawai. Na uku a yi masa shinge a kuma yi sassabin zamani a kan kututturan sabara da kalgo da geza da ke ciki. A maimaita haka a wurare da dama tsakanin Aliero da Jega da Maiyama, a riƙa ƙirga nau'o'i da tsawon tsiro sau biyu a shekara, bayan damina da ƙarshen rani, har shekara uku. A haɗa da jerin itatuwan da ke tsofaffin maƙabartu, da izinin masu kula da su, domin a nan ne za a samu irin da za a mayar wa sauran wuraren. Sakamakon irin wannan aiki shi ne zai gaya wa ƙaramar hukuma inda ya kamata ta kashe kuɗinta a kan dashe, da inda shingen ƙaya da zaman sulhu da makiyaya suka wadatar.

Kai kuma mai gona, bana idan ka fita sassabe, ka tsaya a kan kututture biyar ko goma ka bar musu rassa biyu-biyu, ka ɗaura musu ƙyalle don masu itace su san da mai su. Baɗi war haka ka auna su da tsawonka.